Jiran Sallama

Duk wanda ya zauna a Thamesmead a wancan zamani ya san farar bas ɗin Zailani Yelwa, ko da bai san mai ita ba. Ita ke kai mata kasuwar Woolwich su sayo doya da busasshen kifi, ita ke kai maza masallaci ran Juma'a, ita ke ɗauko baƙi daga filin jirgi. Takan yi tari da safe kafin ta tashi, ƙofar gefenta kuma sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, amma ba ta taɓa barin kowa a hanya ba.

Shi kansa Zailani mutumin kirki ne, sai dai kunya ta yi masa yawa. Ya daɗe a London har ya saba da hular sanyi da shayi babu gardi, amma in ya ji muryar babba a tarho sai ka ga ya rusuna a tsakiyar falo. Matarsa Sakinatu takan ce, "Baban Ummi, miƙe mana, ai ba ya ganinka." Sai ya harare ta ya ƙara duƙawa.

Babban da yake rusuna wa ɗin Kanar Mailafiya ne, tsohon soja da ya yi ritaya. Shi ya ɗauko Zailani daga tashar mota a Kaduna ya mai da shi direbansa, shi ya shige masa gaba wajen neman auren Sakinatu. Da ya sayi gida a arewacin London don karatun 'ya'yansa, sai ya kawo Zailani ya riƙa kai su makaranta. Da yaran suka girma ya sa masa albarka, ya ce ya je ya nemi na kansa. Saboda haka da Allah ya ba Zailani 'ya mace bai yi shawara da kowa ba, ya sa mata sunan mahaifiyar Kanar, Safura. Babu mai iya kiran wannan suna gatsau a gidan, don haka Ummi ake ce mata.

Ummi tana da sikila, kuma babu abin da mai sikila ya tsana kamar sanyi. Thamesmead kuwa wanda ya zana ta kamar da sanyi ya yi shawara. Benaye ne na kankare tsirara a bakin kogi, da dogayen barandu a sama inda iska ke dukan mutum ta gaba da ta baya, bangon ɗaki kuma ya yi ta gumi har ya yi baƙi. In ciwon ya tashi Ummi ba ta ihu. Sai ta naɗe a kan kujera tana cije bakin bargo, ubanta ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da ya riƙe yarinyar shi ne Senta. Wani babban ɗaki ne na ƙaramar hukuma a ƙasan benensu, hita a kunne tun safe har yamma. Ana renon yara a ciki, tsofaffi su sha shayi su yi gulma, yaran makaranta su fake kafin iyayensu su dawo. A can kusurwa kuma akwai teburin Sista Anatu, wata nas 'yar Kafanchan. Ita in ta kalli farin idon Ummi ta san abin da ke tafe. Ta ɗura mata ruwa, ta ɗumama ta, in abin ya fi ƙarfinta ta buga wa likitan da ya san yarinyar, a karɓe ta ba tare da dogon bayani ba.

A shekarar da aka gama yaƙin Gulf aka liƙa sanarwa a ƙofar Senta cewa za a rufe kafin ƙarshen shekara, wai babu kuɗi. Mutanen da suka share watanni suna kallon makamai masu linzami suna tashi a talabijin, kowane ɗaya ya fi kuɗin hitar unguwar gaba ɗaya, su aka ce wa babu kuɗi. Wannan magana ta ɓata wa Misis Doreen rai. Tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi da muryar birkila, mijinta ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar makamai ta Woolwich ya mutu da ciwon ƙirji. Takan buga ƙafa a ƙasa ta ce nan inda suke tsaye ma dā filin gwajin bindiga ne, yanzu da aka ce yaƙin cacar baka ya ƙare ya kamata a ga canji a tukunya.

Ita da wasu 'yan unguwa suka shirya ƙuri'ar jin ra'ayi. Tambaya ɗaya ce: shin a rage abin da ake kashewa a kan makamai a mai da shi asibiti da makaranta da gidaje? Kowa ya san akwatin kwali a Thamesmead ba zai tsai da jirgin yaƙi ba. Amma kansilolin unguwar, da yake suna son a gan su da jama'a, sun yi alkawari a bainar mutane: in mutum ɗaya cikin huɗu na mazauna wurin ya fito ya jefa ƙuri'a, za su kai sakamakon zauren majalisarsu, kuma za a ɗage rufe Senta. Sun faɗi haka ne don sun tabbata mutane ba za su fito ba.

Da farko ma sun kusa yin gaskiya. Misis Doreen ta bi gidajen 'yan Afirka da takardunta, kowa ya karɓa hannu bibbiyu ya ce mata in sha Allahu, ta dawo tana murna wai duk sun yarda. Sakinatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta zaunar da ita ta yi mata bayani cewa mutanen nan daga ƙasashen da soja ke mulki suka fito. Wani gwamnati ce ta turo shi karatu, wani ƙanensa na barikin soja, wani kuma tsoron kawai ya gada. Takardar da aka ambaci soja a cikinta ba za su taɓa ta ba ko da sanda.

Sai Sakinatu ta ɗaura ɗamara ta yi abin irin na gida. Ba ta riƙe takarda ko ɗaya ba. Ta soya ƙosai ta bi gida gida, inda aka haihu ta yi barka, inda aka yi rashi ta yi gaisuwa, sai an kusa sallama ta kawo zancen Senta da Ummi. A hankali mata suka sakko. Matsalar da ta rage ita ce wurin jefa ƙuri'ar, wani zauren makaranta can wajen Abbey Wood, tafiya mai nisa ga tsohuwa ko mai goyo a cikin wannan iska. Ban da haka ma babu wadda ke son a gan ta ta tafi ita kaɗai.

Iya Amamata, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi wadda duk matan benen ke jin maganarta, ita ta yanke zancen a cikin Senta. Ta nuna Zailani da sandarta ta ce, "Ni ƙafana ba shi tafiya. Amma in motan Baban Ummi ya zo, duka mu za mu shiga. Yarinyan nan namu ne."

Zailani ya dafa ƙirji a gaban kowa ya ce ranar Asabar motarsa ta unguwa ce, daga buɗe akwati har rufe shi. Misis Doreen ta kama hannunsa ta girgiza har hularsa ta karkace. Ummi kuma ta zana tattabara da alli mai launi ta liƙa a gilashin bayan motar, kodayake duk wanda ya gani kaza yake cewa.

Ran Juma'a bayan la'asar tarho ya yi ƙara. Isma'ila ne, babban ɗan Kanar, wanda Zailani ya sha goge wa majina a hanyar makaranta. Ya ce Baba na tafe gobe da jirgin safe, jikin ya matsa, an yi masa booking a wurin likita. Akwai kaya da yawa, ana bukatar bas.

"To," in ji Zailani, yana rusunawa. "To. Allah ya kawo shi lafiya."

Da ya ajiye kan tarhon ya tarar Sakinatu na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ji komai.

"Baban Ummi, gobe Asabar."

"Na sani. Jirgin safe ne. In sauke su, kafin azahar ina nan. Ai sai yamma za a rufe."

"Ka tura abokinka Lawal mai tasi mana. Motarsa na da girma, kuma gobe ba ya aiki."

Zailani ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Mutumin da ya tsaya mini a aurenki, ba shi da lafiya, in tura masa ɗan tasi? Ya sauka ya duba bai gan ni ba? Me zan ce masa?"

"Gaskiya za ka ce masa."

"In ce masa ina can ina kwasar mutane su je su yi ƙuri'a a kan soja? Shi Kanar?"

Sakinatu ta girgiza kai. Ta san mijinta. Ta koma kicin, ya ji tana juya miya da ƙarfin da miyar ba ta bukata.

Da sassafe ya sa babbar rigarsa a kan suwaita, ya kafa hula, ya kama hanyar filin jirgin Heathrow. Ya tarar da wasu mutanen Kanar sun riga shi, kowa cikin shiga ta mutunci, an yi layi ana gaisawa. Allon sanarwa ya ce jirgin zai makara. Aka ce ba komai. Can allon ya sake ɗagawa. Hantsi ya wuce, azahar ta gabato, suka sami wani lungu suka yi salla a kan jarida. Zailani ya nemi rumfar tarho ya kira gida.

"An yi delay," ya ce. "Amma sun ce yanzu zai sauka."

"Mata sun sauko tun ɗazu, suna tsaye a ƙofar Senta," in ji Sakinatu. Muryarta a kwance take, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. "Lawal ya yi sawu biyu da motarsa, amma su Iya sun ce ba su san shi ba, kai za su jira. Ka juyo, Baban Ummi. Mutanen da ke wurin sun isa su ɗauko shi."

"In na juya yanzu, ina fita yana sauka."

"To ya sauka mana."

Kuɗin da ya jefa suka ƙare, layin ya yanke. Akwai wasu sulallan a aljihunsa, amma bai sake jefawa ba.

Jirgin ya sauka bayan azahar. Aka turo Kanar a keken marasa lafiya, kuma da Zailani ya gan shi sai da hawaye suka zo masa. Mutumin da dā in ya yi gyaran murya barikin ke yin tsit, ga shi ya rame har hula ta yi masa yawa. Zailani ya durƙusa a kan tayil ɗin filin jirgi, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. Kanar ya dafa kansa ya ce, "Zailani, kai ne? Madalla." Daga nan Isma'ila ya sa mahaifinsa a motarsa mai ɗumi suka yi gaba. Farar bas ta bi su a baya da akwatuna da buhun garin tuwo da jarkar man shanu.

Ko a nan da sauran lokaci. Da ya sauke kayan a bakin ƙofa ya juya, da ya isa unguwa ya yi sawu uku ko huɗu kafin a rufe. Wani direban haka zai yi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma Zailani ba a haka ya tashi ba. A gidan Kanar yaro ba ya sallamar kansa. In ka kawo maigida, sai ka cire takalmi ka shiga, ka zauna a ƙasa, a sake gaisawa, a kawo abinci ka taɓa. Sai maigida ya dube ka ya ce, "To wane, a gaida gida," sannan ka tashi. Tun yana saurayi haka ya san abin, bai taɓa ganin an yi wani iri ba.

Ya shiga ya zauna a kan kafet kusa da ƙofa. Aka kwantar da Kanar a doguwar kujera, aka lulluɓe shi, ya amsa gaisuwar mutum biyu ko uku, sai barcin gajiya ya ɗauke shi. Sauran mutanen suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai duba mota, wancan ya ce zai dawo. Zailani ya zauna. Akwai wani babban agogo a bangon falon, shi da kansa ya kafa masa ƙusa shekarun baya, yanzu ga shi a saitin idonsa. Isma'ila ya wuce da waya a hannu ya ce, "Kawu Zailani, you're still here? Ka ci abinci kuwa?" Zailani ya ce ya ci. Kalma ɗaya zai faɗa wa yaron nan ya tashi, amma a ganinsa sallamar ɗa ba ta maye ta uba. Ya yi la'asar a wurin. Ya ga hasken taga na raguwa, bai motsa ba.

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci, don babu wanda ya ɗaure shi. Ƙofar a buɗe take, makullin mota na aljihunsa.

Da Kanar ya farka fitilun titi sun kama. Ya waiga ya ga mutum a zaune.

"A'a, Zailani, kana nan? Yaya Uwata?"

"Lafiya lau take, ranka ya daɗe. Tana gaisuwa."

"Madalla. To, a gaida gida."

Zailani ya fita a hankali har ya rufe ƙofa, sannan ya ruga. Amma London ta yammacin Asabar ba ta san mai sauri ba. Ya kutsa nan ya kutsa can, ya haye kogi, motar na kuka. Da ya iso zauren makarantar ya tarar ana tattara kujeru. Misis Doreen na zaune a bakin tebur da akwatin kwali a gabanta an riga an liƙe bakinsa. Ta ɗago ta dube shi cikin babbar rigarsa, ta ce, "Oh, Mr Yelwa."

A gida ya ji sauran. Matan sun tsaya a ƙofar Senta cikin mayafai da rigunan sanyi tun hantsi. Masu ƙarfi sun gaji sun taka da ƙafa tare da Sakinatu, Ummi na riƙe da hannunta. Masu goyo sun koma sama da yara suka fara kuka. Iya Amamata ta sa an fito mata da kujera ta zauna a cikin iskar nan, tana cewa Baban Ummi ba ya ƙarya, zai zo. Ita ce ta ƙarshe da ta hau sama, kuma sai da aka riƙe ta.

Aka ƙirga ƙuri'u. Kusan duk wanda ya jefa, e ya ce. Amma yawan waɗanda suka fito bai kai abin da kansiloli suka gindaya ba, kuma abin da ya rage bai fi lodin bas biyu ba. Kansilolin suka yaba wa jama'a ƙwarai, suka ce abin sha'awa ne, suka ce doka doka ce. Kafin Kirsimeti aka kashe hitar Senta, aka sa kwaɗo a ƙofa, aka mai da Sista Anatu wani asibiti can yammacin gari.

Sakinatu ba ta yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da zuba masa abinci, tana amsa masa magana, sai dai ta daina yi masa dariya in ya rusuna a tarho. Iya Amamata kuwa in ya gaishe ta takan amsa da kyau, amma ba ta sake shiga motarsa ba. Jikanta ke yi mata cefane.

Sanyin watan Janairu ya zo da ƙarfi. Wata rana Ummi ta dawo daga makaranta ta tarar babu kowa a gida, uwarta ta tsaya a layin kantin magani, ubanta na kan hanya. Dā Senta za ta shige. Ta zauna a kan matakala a cikin iska har uwar ta dawo. Washegari ta ce ƙafarta na ciwo kaɗan, aka ba ta magani aka rufe ta da bargo, don babu mai duba farin idonta ya ce wannan ba na bargo ba ne. Kafin a gane, ciwon ya yi nisa. A asibiti suka faɗa hannun waɗanda ba su san ta ba, aka yi ta tambayoyi ana jira. Ta rayu, alhamdulillahi. Amma likita ya ce jini ya daina kai wa ƙashin ƙugunta yadda ya kamata, kuma da wuya ta sake tafiya babu sanda.

Mutane sun yi ta ba Zailani haƙuri. Suka ce ciwo na Allah ne, ko Senta na nan abin da zai faru sai ya faru, kuma wa ya tabbata kansilolin nan za su cika alkawari? Duk gaskiya ne, babu mai iya rantsuwa. Zailani yakan ce haka ne, ya yi godiya. Amma bai taɓa yarda da wannan haƙurin a ransa ba.

Tana kwance a asibitin ne labari ya kai wa Kanar. Wata rana da hantsi sai ga Isma'ila ya turo shi a kekensa har bakin gadon, ya ƙara ramewa, an naɗe masa wuya da mayafin ulu. Zailani ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Sakinatu ta gaishe shi ta koma gefe.

"Uwata," in ji Kanar, ya kama 'yan yatsun yarinyar. "Wa ya taɓa mini ke?"

Ummi tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa kamar sauran yaran da aka haifa a can, kuma ba ta gaji kunyar ubanta ba. Ta ba shi labarin matakala da sanyi, ta ce an rufe Senta. Kanar ya tambaye ta mene ne Senta. Ta gaya masa, har da ƙuri'ar, har da tattabarar da ta zana, har da yadda matan suka yi ta jiran mota.

"To ina motar ta tafi?"

"Daddy was carrying your bags," in ji ta, wato babanta na can yana ɗaukar kayan Kanar. Ba da fushi ta faɗa ba. Tambayarta aka yi ta amsa.

Kanar ya juya a hankali ya dubi Zailani.

"Ranar da na sauka?"

"Ranka ya daɗe."

"Ranar da na farka na gan ka a zaune? Tun yaushe kake wurin?"

Zailani ya sunkuyar da kai.

"Me ya hana ka tafiya?"

"Ba a sallame ni ba, ranka ya daɗe."

Da Kanar ya yi magana muryarsa na rawa, kuma ba don ciwo ba.

"Kai Zailani. Kai Zailani! Ni na yi shekaru ina sa hannu ana sayo ƙarafan yaƙi, na ga inda suka ƙare, ciyawa ta fito a cikinsu a bayan bariki. Asibitin garinmu kuwa ko ruwan drip babu, shi ya sa ka gan ni nan a keke a ƙasar mutane. Ka zaci ni zan hana ka? Da ka buɗe baki a filin jirgin nan, wallahi da cewa zan yi a bar kayan a wurin. Da ni za ka fara ɗauka, a tura ni har gaban akwatin in ga ana jefawa." Ya nuna gadon da hannu. "Uwata ce fa. Sunan uwata ka sa mata."

Sakinatu ta juya fuskarta wajen taga. Duk tsawon watannin nan Zailani yana riƙe da abu ɗaya da yake lallashin kansa da shi, cewa ba shi da yadda zai yi, ya zaɓi mutuncin ubangidansa ne. Yanzu shi ma an karɓe.

Wata nas ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya kusa ƙarewa. Isma'ila ya kama keken zai juya, Kanar ya ɗaga hannu ya tsai da shi. Ya dubi mutumin da ke zaune a ƙasa, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Tashi, Zailani," ya ce. "Na sallame ka. Daga yau ba sai ka jira kowa ba."

Aka tura keken aka fita. Zailani ya ji ƙarar tayoyin na nisa a barandar asibitin har ta ɓace. Makullin farar bas na aljihunsa, tana can a waje da mai a cikinta, hoton tattabarar ya koɗe a gilashin baya. An sallame shi, amma babu sauran inda ake jiransa. Ya ci gaba da zama a ƙasan, kusa da sabuwar sandar da aka jingine wa Ummi a jikin gado.